Me Ya Sa Bagobiri Ke Ce Wa Bakatsine Bawansa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Kurfi, ya aiko da takarda yana cewa: "Ran Laraba a kasuwar Dutsin-Ma wani Bagobiri ya cire mini hula a gaban jama'a, ya ce bawansa ya yi ƙiba. Ni na yi dariya, amma ɗana ya zabura zai mare shi, da ƙyar aka riƙe shi. Don Allah ku bayyana wa yaranmu asalin wannan wasa."

To Alhaji, mun gode, Allah Ya ƙara kasuwa. A gaishe da yaron, a ce masa da marin ya sauka, da shi dattawa za su ba rashin gaskiya, kai kuma ka sayi goron ban haƙuri.

Abin nan shi ake kira wasan barkwanci, ko wasan taubasantaka. Tushensa cikin gida yake. Ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da na ƙanwarsa, su ne taubasai. Haka jika da kaka: tsohuwa ta ce wa jikanta "mijina marowaci", shi kuwa ya ce "yaushe za ki tafi mu sha gumba?" Duk duniya wa ya isa ya yi wa tsohuwa zancen mutuwarta ta yi dariya, in ba jika ba?

Daga gida wasan ya fita gari. Akwai na Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarabawa. Mu kuwa Katsinawa Allah Ya hore mana abokan wasa: ga Gobirawa, ga Nufawa, ga Haɗejawa. Har sana'o'i ba a bar su ba. In masunci ya kawo kifin dam ɗin Zobe ya zauna kusa da mahauci, sai ka toshe kunne, kowa na cewa kayan ɗan'uwansa ne ke wari.

Galibin wasan garuruwa, in ka tono, za ka tarar da yaƙi a ƙarƙashinsa. Katsina da Gobir sun daɗe suna gwabzawa, har zamanin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. Da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka zauna Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗin. Ka ga abokan gaban jiya sun zama maƙwabta, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. To yaya za a yi da tsohon miki? In an yi shiru yana nan yana ruruwa, in an tayar da shi da gaske a koma ga takobi. Sai aka mai da shi abin dariya, kowa ya ce shi ya ci yaƙi, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, ba mai kai ƙara. Fulani da Barebari ma haka ne: a 1808 mayaƙan jihadi suka shiga Ngazargamu, babban birnin Barno, yau kuwa jikokinsu tsiya kawai suke yi wa juna a tasha.

Inda na fi jin daɗin wasan shi ne watan Cika-ciki, wato Muharram, lokacin kuɗin shara. Shekara guda cur mutum na bugun ƙirji shi ne ubangida. To ai ubangida shi ke biyan wanda ya share masa gida. Ranar nan sai ka ga marowaci ya bi ta bayan layi, in an tare shi ya ce, "Haba ranka ya daɗe, yaushe bawa ya fara biyan shara?" Naira ɗari biyu ta sa ya sauka daga sarauta. A nan ake gane mai kyauta da mai hannun jarirai.

Kada kuma a ɗauka wasan banza ne. Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Attajirin da ya hana ƙaninsa iri da damina, duk gari na tsoron yi masa magana, amma taubashinsa zai faɗa masa a bainar jama'a, a yi dariya, da dare kuwa sai ka ga an aika da tiya biyar. Miji da mata in sun ƙi jin kowa, abokin wasa kan shiga ya zazzage su duka biyu har kunya ta sa su shirya. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe abin da daraja, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wasan taubasantakarsu cikin jerin al'adun duniya a 2014. A ganina, yadda zaman manomi da makiyayi ya yi tsami a yankin nan namu, duk wata ƙofa da ke sa mutum biyu su yi dariya tare ba ta rufewa ba ce.

Amma fa wargi wuri gare shi. Abokin wasa na taɓa garinku, da abincinku, da rowarka, ba ya tona asirin gidanka, ba ya taɓa addininka. Wanda ya ɗauki kayan ɗan kasuwa ya ƙi biya, wai wasa, wannan cin hanci da zalunci ne ya sa wa rigar wasa. Kuma ba da kowa ake yi ba: maganar da Bagobiri zai faɗa maka a tafa, in maƙwabcinka Bakatsine ya faɗi rabinta, sai an je gaban mai unguwa.

Saboda haka Alhaji, ka zaunar da yaron ka lissafa masa abokan wasansa tun kafin ya fara zuwa kasuwa shi kaɗai. In Laraba ta zagayo kuma ku nemi Bagobirin nan, yaron ya gaishe shi, sa'an nan ya tambaye shi yaushe ubangidansa na Kurfi ya ba shi izinin sa hula.