Jagaban Ayari: Ma'aikacin Laburare Mai Matsakaicin Muƙami a Fannin Adabi da Fasaha

A zamanin fataucin goro, in ayari ya tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, madugu shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙasa. Amma akwai jagaba, wanda ya san mashigin kowane kogi da zangon da ke da ruwa. Nufina a wannan takarda shi ne in nuna cewa a laburaren jami'a ma akwai mai irin matsayin jagaba, watau ma'aikacin da ya wuce koyo amma bai kai kujerar shugaba ba, kuma a fannin harshe da adabi da tarihi da zane a hannunsa yawancin hukunci ya ke.

Sai mu fara da asalin sana'ar. An kafa laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin John Harris, kuma a can aka fara koyar da aikin a 1960. A Arewa, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A 1963 F. A. Sharr ya kawo rahotonsa a kan bukatun Jihar Arewa wajen laburare, a 1968 kuwa aka buɗe sashen koyar da wannan ilmi a Samaru, inda aka soma ba da digiri na farko a fannin. Babban ginin Laburaren Kashim Ibrahim a 1976 aka buɗe shi.

Muƙaman aikin a jami'o'inmu hawa bakwai ne bisa al'ada. Uku na ƙasa na masu koyo ne da masu aikin hannu, biyu na sama na shugaba ne da mataimakinsa. Biyun da ke tsakiya su ne abin maganarmu. Mai riƙe da su ya kan yi shekara goma ko fiye a bakin aiki, a kan ba shi sashe guda, kamar sashen littattafan Afirka ko laburaren tsangaya, da 'yan ma'aikata a ƙarƙashinsa. Shugaba wa'adi gare shi, yau shekara biyar ne, kuma rabin lokacinsa a majalisar jami'a da kwamitocin kuɗi ya ke ƙarewa. Na tsakiya kuwa ya kan ga shigar shugabanni biyu ko uku da fitarsu yana nan a wurinsa.

To, me ya sa fannin adabi da fasaha ya bambanta? A fannin kimiyya, abin da a ke bukata mujallu ne na ƙasashen waje, an san sunayensu da farashinsu, in akwai kuɗi sai a saya. Kayan nazarin Hausa kuwa yawancinsu ba su cikin jerin kowane ɗan kasuwar littattafai. Ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta buga a Zariya tsakanin 1953 da 1959, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da littattafan soyayya da a ke bugawa a Kano tun wajen tsakiyar shekarun 1980, da faifan mawaƙa, duk sai an bi su an nemo. Haka kuma takardun nune-nunen zane, irin na zamanin ƙungiyar ɗalibai masu zane ta Zariya da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa a 1958. Irin wannan takarda in ba a ajiye ta a makon da ta fito ba, da wuya a sake ganinta.

A ɗauki misalin ƙasar da ke arewa maso gabas da Zariya: Ɗandamisa, da Maƙarfi, da Kudan, da Ikara. Ƙasa ce ta noman rake, ba laburaren jami'a a Ɗandamisa, amma kamar sauran garuruwan Zazzau akwai zaurukan malamai, kuma a gafakar malami a kan sami waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙu, da takardun rabon gado. Gara da damina ba su jiran kasafin kuɗi. Shugaban laburare ba shi da sukunin zuwa ya zauna a zaure, ƙaramin ma'aikaci kuwa ko ya je ba shi da ikon yin alkawari. Na tsakiya ne kaɗai ke da girman da za a saurare shi, da kuma ikon cewa za a ɗauki hoton takarda a mayar wa mai ita. Da irin wannan amana ne Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda aka fara a 1964 ƙarƙashin H. F. C. Smith (daga baya Abdullahi Smith), ya tara hotunan rubuce-rubucen Larabci masu yawa.

Hukunci na biyu ya shafi harshe, kuma a nan ne mu masu nazarin harshe mu ke da hannu. Ƙa'idojin jera sunayen mawallafa an tsara su ne domin mutanen da ke da sunan zuriya. Bahaushe kuwa sunansa na biyu ya kan zama na uba, ko na gari, ko laƙabi, ko muƙami. Sa'adu Zungur sunan gari ya ke ɗauke da shi, Abubakar Imam kuwa muƙamin gidansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a kan same shi a ƙarƙashin harafin U, da D, da F, da kuma sigar sunansa ta Larabci. Aliyu Namangi, mai Waƙoƙin Imfiraji, wani ya rubuta Na Mangi a rabe, wani a haɗe. Ga kuma ƙugiya: in ba a yanke ko ƙ da k za su zauna tare ba, mai neman littafi a kwamfuta sai a ce masa babu, alhali yana kan kanta. Har wa yau, takardar ajami ta kan faɗa cikin tarin Larabci, don mai jerawa ya ga baƙaƙe bai karanta ba. Duk wannan aiki ne na wanda zai kafa ƙa'ida guda, ya rubuta ta, ya koya wa na ƙasa da shi, ya kuma kare ta gaban na sama.

Sai dai akwai abubuwa uku da ke rage wa wannan jagaba ƙarfi. Na farko, tun da aka lasafta ma'aikatan laburare cikin malaman jami'a, ƙarin girma ya rataya a kan digiri da maƙalu. Wannan daidai ne, amma kundin bayanin rubuce-rubucen ajami ɗari biyu, wanda zai ci shekara uku, sau da yawa ba a ba shi makin maƙala guda. Ga shi kuwa kundin da W. E. N. Kensdale ya yi wa rubuce-rubucen Larabci na Ibadan tsakanin 1955 da 1958, yana mataimakin shugaba, har yau ana ambatonsa. Na biyu, a kan yi ta sauya wa mutum sashe, da ya fara sanin kan tarin Hausa sai a mai da shi wajen sayayya. Na uku, in ƙwararre ya yi ritaya ya kan tafi da abin da ke kansa, don ba a ba shi wanda zai rena ba.

Maganin waɗannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata kwamitocin ƙarin girma su karɓi kundin bayani a matsayin bincike, bayan masana sun duba shi. Ya kamata a bar mutum a sashen da ya ƙware har ya horar da magaji. Sassan Hausa kuma su jawo shi cikin taronsu na tsara manhaja, su koya masa karatun ajami in bai iya ba, shi kuma ya koya wa ɗalibanmu neman littafi.

Malaman kwalejojin horon malamai su ma da nasu rabon. Ɗalibansu daga garuruwa irin su Ɗandamisa su ke fitowa, can kuma su ke komawa koyarwa, sun san gidan da ke da tsohuwar takarda da dattijon da ke riƙe da waƙa a ka. In kowace kwaleji ta san sunan mai kula da sashen Hausa a laburaren jami'ar da ke kusa da ita, to, an sami hanyar da labari zai bi. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari, saboda haka jagaban ma sai da 'yan gari zai san inda zai sauke ayari.