Kwamfuta Ta Mutu Ta Ƙi Tashi: Abin Da Za Ka Yi Kafin Ka Yarda A Yi Mata Fomat

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma masu son su ajiye su riƙa dubawa.

Maganarmu ta yau kan abin da kusan duk mai kwamfuta zai gamu da shi ne wata rana. Kana cikin aiki allo ya koma shuɗi, ko NEPA ta ɗauke wuta, ko kwamfutar ta daskare ka kashe ta da ƙarfi. Ka sake kunnawa, ta ce ba ta san zancen ba. Alhali a cikinta akwai furojet ɗinka na shekarar ƙarshe, ko lissafin shago, ko hotunan bikin mutane da ka karɓi kuɗinsu ba ka ba su aikin ba.

To abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shi ne: Windows ya ƙi tashi daban, fayilolinka sun salwanta daban. Sau da yawa makullin ƙofa ne kawai ya karye, kayan ɗaki suna nan yadda ka bar su. Fomat kuwa kwashe kayan ɗakin ne a zubar don a gyara ƙofa. Shi ya sa idan wani ya ce maka "kawo a yi mata fomat" tun bai duba komai ba, ka ce masa ya dakata tukuna.

Bari mu fara da yadda kwamfuta take tashi, don in ka gane wannan, rabin aikin ya ƙare. Da ka danna maɓalli, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a madabod ce take fara farkawa, ita ce BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Aikinta ta duba RAM da sauran kayan ciki, sannan ta nemi had disk. A kan disk ɗin akwai wani ɗan ɓoyayyen yanki mai ɗauke da bayanin inda Windows yake, ana ce wa bayanin BCD. Daga nan sai a ɗauko zuciyar Windows ɗin, a loda direbobi, wato ƙananan manhajojin da suke sa allo da sauti da kibod su yi aiki, sannan ka ga wurin sa faswod. Hawa-hawa ne, ka gane? Don haka tambayarka ta farko ita ce: a wane hawa ta tsaya?

Me ya sa ɗaukewar wuta take jawo wannan? Saboda Windows ba ya rubuta komai a disk nan take, wasu abubuwan yana riƙe su a RAM tukuna, RAM kuwa da wuta ta tafi ya manta komai. In aka yi rashin sa'a lokacin yana tsakiyar sabunta kansa ne, sai a tashi da rabin fayil sabo, rabi tsoho. Masu kwamfutar tebur ba UPS, da masu laftof ɗin da batirinta ya mutu sai da caja, ku ne wannan ya fi samu.

Yauwa. Hawa na ɗaya: ka danna, shiru, ko fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani bai fito ba. Nan babu ruwan Windows, ba a ma iso wurinsa ba. Cire waya daga soket, in laftof ce mai batirin da ake cirewa ka cire shi, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar ka gwada. Cire duk abin da ke jikinta, filashi, firinta, komai. In ta ƙi, kuma kana jin tana ƙara "tit, tit" ko fitila tana ƙiftawa, yawanci RAM ne. A kashe, a cire wuta, a zare RAM ɗin, a goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, a mayar har ya ce ƙas. In guda biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu ba ƙaramar ɓarna take yi a nan ba.

Hawa na biyu: tambari ya fito, sai ta rubuto "No bootable device" ko "Boot device not found". Ma'ana ta nemi Windows ba ta gan shi ba. Abu mafi sauƙi, duba ko ka manta filashi a jiki. In babu, shiga BIOS. A HP F10 ne, a Dell F2, a ThinkPad na Lenovo F1, kana dannawa da zarar ka kunna. Duba ko sunan had disk ɗinka ya fito. Sannan kalli kwanan wata. In ka ga ta koma wata shekara can baya, to ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, kuma saitin BIOS ya koma yadda ya zo daga kamfani. Wannan kaɗai yana iya hana ta tashi: an sa Windows ɗin a kan AHCI saitin ya koma RAID, ko an sa shi a kan Legacy ya koma UEFI. Ka rubuta yadda ka tarar da shi, ka canja abu ɗaya, ka gwada, in bai yi ba ka mayar. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, don Allah.

Su ma kamfanonin sun sa abin gwajin lafiyar disk da RAM a ciki. A HP danna F2 lokacin kunnawa, a Dell F12 ka zaɓi Diagnostics. In gwajin ya ce disk ya faɗi, ko kana jin had disk yana "ƙat, ƙat, ƙat", to tsaya nan. Kashe ta. Duk kunnawar da za ka ƙara yi cin sauran ransa take yi. Aikin da ya rage shi ne ceto fayiloli, ba gyaran Windows ba.

Hawa na uku, wanda ya fi yawa: tambarin Windows ya fito, ɗigo-ɗigon nan suna ta zagaye, sai shuɗin allo, sai ta sake kunna kanta, haka dai ba iyaka. A sababbin Windows 11 tun 2025 allon baƙi ne, amma maganar ɗaya ce. Ɗauki wayarka ka yi wa allon hoto, don rubutun da ke ƙasa shi ne sunan cutar. INACCESSIBLE BOOT DEVICE yana nuni ga disk ko saitin BIOS da muka faɗa. MEMORY MANAGEMENT sau da yawa RAM ne. CRITICAL PROCESS DIED kuma wani muhimmin sashen Windows ne ya mutu. In ka ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, akasari direban da ya jawo rigimar ke nan.

Windows yana da ɗakin gyara na kansa. In ya kasa tashi sau biyu a jere yakan shiga da kansa. In bai shiga ba, kai ka tilasta shi: kunna, da ka ga tambari ka danne maɓalli kamar daƙiƙa 10 har ta mutu, ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka ƙyale ta. Za ka ga Automatic Repair. Daga nan Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma.

A nan wasu za su ci karo da allo yana neman makullin BitLocker. Lambobi 48 ne, kuma in da asusun Microsoft ka shiga kwamfutar, yawanci suna ajiye a can. Buɗe account.microsoft.com a wayarka ka nemo su. Idan kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, masu kula da kwamfutocin wurin za ka tambaya. Ba tare da makullin nan ba, ko an cire disk ɗin an kai wata kwamfuta ba a iya karanta komai, don haka masu lafiyayyar kwamfuta ku je ku duba naku tun yau.

To yanzu, ni ƙa'idata ita ce ba na taɓa gyara sai na kwashe kaya. Ga wata dabara mai sauƙi. Sa filashi, zaɓi Command Prompt, rubuta notepad, danna Enter. In ya buɗe ka je File, sai Open, ka canja nau'in fayil zuwa All Files. Ka ga disk ɗinka nan. Shiga Users, shiga sunanka, danna dama a kan Documents ko Desktop ka kwafa, ka liƙa a filashi. Ba zai nuna maka yadda aikin yake tafiya ba, kamar ya daskare, ka yi haƙuri ka jira. Ka lura kuma, a ɗakin gyaran nan harafin disk yakan canja, abin da ka sani da C yana iya zama D ko E. Wata hanyar ita ce filashi mai Ubuntu: ka tashi kwamfutar da shi, ka zaɓi Try Ubuntu, kada ka kuskura ka taɓa Install, ka kwashe kayanka.

Kaya sun fita? Alhamdulillahi, yanzu hankali kwance. Sai mu bi gyara daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

Fara da Startup Repair, ka bar shi ya yi aikinsa. In bai yi ba, kuma ka san bayan sabuntawa ne matsalar ta fara, zaɓi Uninstall Updates ka cire ta ƙarshe. In akwai System Restore, shi yana mayar da Windows yadda yake a wata rana ta baya. Ba ya taɓa takardu da hotuna, sai dai manhajojin da ka sa bayan ranar za su tafi. Matsalarsa ɗaya, a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa.

Sai Safe Mode: Startup Settings, Restart, ka danna 4. A nan Windows yana tashi da direbobin da ba makawa sai da su kawai. In ta tashi a haka, albishir, wani abu da aka ƙara ne yake kayar da ita. Tuna me ka sa na ƙarshe, direban allo ne, anti-bairos ne, ko manhajar nan da aka ba ka a filashi, ka cire shi.

Kada ka raina wannan matakin. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, a ƙiyasin Microsoft. An soke tashin jirage, bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani. Maganin fa? A shiga Safe Mode a goge fayil guda ɗaya. Fayil ɗaya tal, ba fomat ba.

In duk wannan bai yi ba, koma Command Prompt. Ka tabbatar da harafin da Windows yake kai, sannan ka rubuta:

chkdsk C: /f

Wannan yana gyara tsarin fayilolin da ɗaukewar wuta ta hargitsa. Akwai /r mai bin disk lungu-lungu, yana cin awanni, kuma ba a yi wa disk mai ciwo shi kafin a kwashe kaya. Sai na biyu:

sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows

Shi kuma yana duba fayilolin Windows kansu ya maye gurbin waɗanda suka lalace. In saƙon da kake gani yana ambaton BCD ko lamba 0xc000000f, gwada:

bootrec /rebuildbcd

in ya ƙi, sai:

bcdboot C:\Windows

In ɗakin gyaran ma ya ƙi buɗewa, ari kwamfutar aboki, ka sami filashi mai aƙalla 8GB wanda babu kaya a ciki don za a goge shi, ka haɗa filashin Windows daga shafin Microsoft. Ka tashi kwamfutarka da shi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi Repair maimakon Install. Ɗakin gyaran nan dai za ka tarar.

Matakin ƙarshe shi ne Reset this PC, ka zaɓi Keep my files. Manhajojinka za su tafi, takardunka su zauna. Sai wannan ma ya gagara ake maganar fomat, kuma a lokacin kayanka suna filashi, babu fargaba.

In abin ya fi ƙarfinka ka kai wa mai gyara, ba laifi ba ne, sana'arsu ce. Amma ka faɗa masa da bakinka, tun kafin ya kunna: "Malam, akwai kayana a ciki, kada a goge komai." Ka nuna masa hoton allon da ka ɗauka. Ka roƙi a cire disk ɗin a jona shi da wata kwamfuta a kwashe maka fayiloli a gabanka. Mai gyara yana da layin mutane, hanya mafi sauri a wurinsa ita ce sabon Windows, kai kaɗai ka san darajar abin da ke ciki.

Kafin mu rufe, rigakafi. Mai kwamfutar tebur ya daure ya sayi UPS, ko ƙarami ne da zai ba shi minti biyar ya kashe ta cikin mutunci. In ka ga Windows yana cewa kada a kashe, to kada a kashe ɗin, kuma kada ka fara sabuntawa kana jin janareta yana tari. Duk abin da in ya ɓata za ka yi kuka, ka ajiye shi wuri biyu: Google Drive yana ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, ko ka tura wa kanka ta imel. Masu Windows 10 kuma ku sani Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ku fara shirin komawa 11 in kwamfutar za ta ɗauka.

Nan za mu tsaya. Wanda tasa ta ƙi tashi yanzu haka, ya rubuto mana a ƙasa wane hawa ta tsaya da abin da allon ya rubuta, za mu duba tare. Ku tura wa ɗaliban da ke rubuta furojet, su ne suka fi bukata. Allah Ya tsare mana kayanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.