ƊAN TASAWA DA YA SA RANA AIKI

A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji itacen wuta yana ƙaranci. Mata suna shan tafiya wajen neman shi. Rana kuwa ba ta ƙarewa, kuma ba a sayen ta.

Abdu Mumuni Joffo ya gane haka tun da daɗewa. An haife shi a Tasawa cikin shekara ta 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya ƙaro ilimin kimiyya a Faransa. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta Yamai. Can aka ƙera murhun rana da tankin ɗuma ruwa ba tare da itace ba. Ya rasu cikin 1991. Jami'ar Yamai ta ci sunansa.

Yau faifan sola yana tada famfo, ruwa ya fito daga rijiya, mutane da bisashe su sha. Sinadarin faifan, daga wani farin dutse masana suke tace shi. Aikin yana son masu ilimi, mafarinsa kuwa lakwal ne. Ɗan manomi da ɗiyar makiyayi duk suna iya kaiwa can, in iyaye sun bar su sun yi karatu.