Zaɓin Asali a Buildroot da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

Na'urar POS da ke hannun ɗan kasuwa a Dutsi, da mitar lantarki ta katin kuɗi, kowacce na ɗauke da manhajar da aka dasa a cikinta tun daga masana'anta. Ɗaya daga cikin kayan harhaɗa irin wannan manhaja shi ne Buildroot, wanda aka fara a 2001, kuma yake bin tsarin Kconfig na Linux. Injiniya kan buɗe menuconfig ya tarar an riga an cike kowane gurbi da amsa. Wannan amsar ita ce zaɓin asali, kuma ita ke wucewa cikin na'ura muddin ba a taɓa ta ba.

Abin lura ga masana Hausa shi ne gurbin harsuna. Saboda ƙarancin ma'adana, Buildroot yana share bayanan harsuna ya bar C da en_US kaɗai, alhali laburaren glibc yana da ha_NG, na Hausar Nijeriya. Haka nan, idan rubutun allo bai wuce ASCII ba, haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba za su fito ba, domin Unicode ne ya tanade su. A nan ne "ƙafa" ke komawa "kafa", "ƙasa" ta zama "kasa".

Don haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa kai da injiniyoyi a samar da fayil na defconfig mai ɗauke da ha_NG da waɗannan haruffa, wanda kowane mai harhaɗawa zai ɗauka kai tsaye.