Lambar sigar da ta hana masu haɗa manhaja barci

Ba kasafai ake rubuta manhaja tun daga tushe ba. Mai haɗa ta yakan ɗauko guntayen aikin da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira laburare, ya haɗa da nasa, kamar yadda tela ke sayo zare da maɓalli. Kowane laburare yana fitowa siga-siga, kowace da lambarta, kuma a fayil ɗin da ke jagorantar haɗa manhajar ake rubuta wadda za a ɗauko.

Nauyin wannan lamba ya fito fili a watan Disamban 2021, lokacin da aka bankaɗo ɓaraka a Log4j, laburaren gidauniyar Apache da manhajojin Java ke amfani da shi wajen ajiye bayanan abin da ke gudana a cikinsu. Da ɗan gajeren rubutu kawai mai kutse kan iya sarrafa kwamfuta daga nesa. Sigar 2.14.1 da wasu da dama kafin ta duk sun kamu. Apache ta fitar da 2.15.0, aka tarar gyaran bai cika ba, sai 2.16.0 da 2.17.0, kafin wata ya ƙare kuma ga 2.17.1.

Abin da ya dagula lamarin shi ne kamfanoni da yawa ba su taɓa neman Log4j da kansu ba. Laburaren da suka ɗauko ne ya jawo wani, shi kuma ya jawo Log4j. In sigogi biyu suka ci karo, na'urar haɗin ce ke yanke hukunci: Maven yana ɗaukar wadda ta fi kusa da manhajar a jerin, ko da tsohuwa ce, Gradle kuwa yana ɗaukar mafi girman lamba. Mafita a Maven ita ce a rubuta sigar da ake so a sashen dependencyManagement na fayil ɗin pom.xml, wanda ke danne zaɓin sauran laburaren, sannan a duba da umarnin mvn dependency:tree.

Sai dai sigar da aka ƙulle ba ta motsawa. Wanda ya rubuta 2.14.1 yana nan a kanta har sai wani ya canza ta da hannu. Don haka bai kamata ma'aikata ko ɗan kasuwa ya karɓi manhaja daga ɗan kwangila ba tare da jerin laburaren da ke ciki da sigoginsu ba, da kuma sunan wanda alhakin sabunta su ke wuyansa. Tun a watan Mayun 2021 umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 ya sanya irin wannan jeri cikin abubuwan da gwamnati za ta nema daga masu sayar mata da manhaja.