Kufai ma yana da labari: mu ɗauki hotonsa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya ga kufai da kangaye a bakin hanya. Ga rumbu ya faɗi, ga rijiya ta cike da yashi, ga tsohuwar mota ta yi tsatsa, awaki suna kwana ƙarƙashinta. Muna wucewa ba mu waiwaya. Amma kowane kufai da mutanen da suka zauna cikinsa, kuma da dalilin tashinsu.

A 1945 ruwan Gulbin Maraɗi ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, mutane suka hau tudu suka gina sabon gari. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi da yawa, ya tashi ƙauyuka, wasu ba su koma ba. A cikin Tenere akwai wata itaciya ɗaya tilo da ayari ke gane hanya da ita. Mota ta kaɗe ta a 1973. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a wurin. Da matafiya ba su ɗauki hotonta ba, da yaranmu ba su san kamarta tana tsaye ba.

Ginin laka ba ya jira. Kowace damina tana cin bango, iska tana kawo yashi. Tsofaffin da suka san labari su ma suna tafiya. Yau kuwa salula mai ɗaukar hoto ta shiga ƙauyuka. Ga yadda za a yi.

Da farko a nemi izinin mai gari ko mai wurin. A je da safe ko da la'asar, rana tana bayanka. A tsayar da mutum kusa da bangon don a san tsawonsa. Sannan a rubuta a littafi sunan wurin, da ranar ɗauka, da abin da dattawa suka faɗa. Wanda ya koyi rubutu a yaƙi da jahilci, ga aikinsa.

A yi hattara. Kango gidan maciji ne da kunama. Kada yaro ya leƙa tsohuwar rijiya. Kada a taka kabari, kada a kwashe kayan wurin, kuma kada a ɗauki hoton wurin soja.

Hoton nan yana da amfani. Idan famfon gari ya mutu ko rufin lakwal ya ɗaye, a kai hoto ma'aikatar magajin gari, gani ya kori ji. Idan gardamar iyakar gona ko burtali ta tashi, hoton tsohuwar rijiya da bayanin dattawa suna taimaka wa masu sulhu.

Kafin damina ta sauka, kowane gari ya zaɓi matashi ɗaya da dattijo ɗaya su zagaya kufansa.