Gawo a Gonakin Magarya da Dungas

A watan Maris, lokacin da iskar hunturu ta gama share ƙasar Damagaram, gonakin kudancin jihar ba sa zama fili fetal kamar yadda baƙo zai zata. Daga Bande zuwa Magarya, daga Waca zuwa Dungas da Malawa, itatuwan gawo ne tsaye cikin gonaki, kore shar, tumaki da awaki na kwance a inuwarsu. Mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Bari aka yi su tsiro, aka kuma yi renonsu.

Halin gawo ne ya sa manomi ke ƙaunarsa. Da damina ta sauka sai ya kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya rufe wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba kuma ya ruɓe ya zama taki. Da kaka ta yi sai ya sake tofo, ya fitar da 'ya'ya masu lanƙwasa, ruwan goro, a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbar da ta ci 'ya'yan ta yi kashi a gindinsa, ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, ta kuma baza irinsa, domin ƙwayar gawo ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Duk wanda ya taɓa yankan hatsi a wannan yanki ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili kauri.

Girmama wannan itace tsohon abu ne. Har yau ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani kan saran gawo, har ta kai ga hukuncin kisa. Amma zamanin Faransa, da gwamnatocin da suka biyo baya, itace ya koma na hukuma. Manomi zai iya biyan tara don ya sare reshe a gonar da ya gada wurin ubansa. To, wa zai reni abin da zai jawo masa malamin daji? Ga kuma noman gyaɗa da ya so fili tas. Sai al'adar sassabe ta zama a sare komai, a tara, a cinna wuta. Gonar da aka bar wa kututture da tofo, gonar raggo ce a idon maƙwabta.

Farin 1973 da na 1984 ne suka nuna kuɗin wannan tsafta. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi bunne sau biyu ko uku kafin hatsi ya kama, mata kuma suka koma girki da kara da kashin shanu. A Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara tallata renon tofo tun 1983. A ƙasar Magarya kuwa, mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, babu sauran saura da za a bar ƙasa ta huta, saboda haka manoma da kansu suka koma ga abin da kakanninsu suka sani. Sunan da aka fi kiran aikin da shi a Nijar shi ne sassaben zamani.

Yadda ake yinsa bai buƙatar komai sai gatari ko adda, da ido. Kafin ruwa ya sauka, mai gona yana bin kututture ɗaya bayan ɗaya. A jikin kowane akwai tofo wajen goma ko fiye. Sai ya zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon sandar, yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Wani ya ɗaura tsumma ja a jiki, alamar cewa wannan na da mai shi. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, itacen yana saurin tashi fiye da dashen da ake shayarwa da bokiti. Abin da aka sassabe kuma uwargida ta kwashe, ya zama makamashi. Haka ake yi wa kalgo da sabara da aduwa da magarya, ko da yake gawo ne sarki.

A 2006 binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi ya ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a Magarya da Matamai da Mirya sun kai kimanin hekta miliyan 1. Ga ƙasar Nijar baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Doka ta biyo bayan manoma a makare: dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sai a watan Yulin 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya rena. Dungas kanta a 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma, amma al'adar gona ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

Ba a ce itace ya kori yunwa ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF na jinyar yara masu tamowa a Magarya tun 2005, kuma ruwan sama na nan da halinsa: wata shekara ya yi jinkiri, wata ya zo da ambaliya. Sai dai gidan da ke da gawo ashirin yana da abin dafawa in rumbu ya yi ƙasa. Yara su tsinci 'ya'yan su cika buhu a kai kasuwa, a yi turkar rago da su, ragon kuma ya ƙetara iyaka zuwa kasuwar Maigatari.

Wurin da ake yawan samun saɓani shi ne sara. Bayan an saki gonaki, makiyayi yakan zauna da garkensa a gonar wani bisa yarda, shi ya sami kara da 'ya'yan gawo, mai gona ya sami taki. Matsala tana tasowa ne in rani ya yi tsanani, wani ya hau cikin dare ya yi wa itace kwalkwal, ko masu neman itacen sayarwa su sare matashin gawo daga gindi. Don haka ƙauyuka da yawa suka kafa kwamitin sa ido, wasu har da mata da wakilin makiyaya a ciki. In an kama mutum, gaban mai gari ake fara kai shi, a tambaye shi ko ya nemi izinin mai gona. In ya ƙi sulhu, sannan magana ta wuce ga malaman daji.